Adakar Kaka: a Raba, a Bari a Gida, a Kai Gidan Tarihi, ko a Zuba a Kwamfuta?

Kwana bakwai da rasuwar kakanmu, da 'yan gaisuwa suka ragu, aka jawo adakarsa daga ƙarƙashin gado. Ta ƙarfe ce, irin mai baƙin fenti da jan fure, kwaɗon ya yi tsatsa har sai da aka sa guduma. Ba kuɗi a ciki, dama kuma ba wanda ya sa rai. Alƙur'ani ne rubutun hannu a cikin gafakarsa, da ɗaurin warƙoƙi na fiƙihu da waƙoƙin wa'azi da ajami, da rasiɗan haraji da jangali na zamanin En'e, da takardar cinikin gona mai hatimin alƙali. Akwai fasfon da ya yi aikin hajji da shi ta ƙasa, ta Cadi da Sudan, da lambar yabo ta ƙanensa da ya je yaƙin Bama, da hotuna kusan sittin a cikin ledar burodi. A can ƙasa kuma wata riga saƙi mai aska takwas, asu ya fara taɓa wuyanta.

Nan take baki ya rabu huɗu. Baffa ya ce gado ne, a raba kowa ya ɗauki nasa. Gwaggo ta ce ba mai taɓa kayan Malam, a mayar da su inda aka gan su. Wani ɗan'uwanmu da ke koyarwa a jami'a ya ce a kai gidan adana tarihi tun gara ba ta riga mu ba. Ƙanena kuwa waya ya ɗaga sama: a ɗauki hoton komai a tura zauren iyali na WhatsApp, shi ke nan. Kusan kowane tsohon gida a Kano, Zariya, Katsina, Sakkwato ko Damagaram yana da irin wannan adaka, kuma ranar buɗe ta wannan gardamar ce ake yi. Ga yadda na auna hanyoyin huɗu bayan na ɗanɗana kowacce.

Hujjar Baffa ba ta wasa ba ce. Abin da mamaci ya bari haƙƙin magada ne ko da allura ce, kuma in akwai marayu ƙanana a ciki, ba wanda ke da ikon yin kyauta da rabonsu don son tarihi. Rabo yana da wani amfani ɗaya: in gobara ta ci ɗaki guda, ba ta ci duka ba. Matsalar ita ce littattafan malamanmu na da ba ɗinkakku ba ne. Warƙa-warƙa suke a cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su da shi, galibi ba lambar shafi. Abin da ke riƙe da tsarinsu kalma ɗaya ce da mai rubutu ke sawa a ƙasan warƙa, wadda da ita warƙa ta gaba za ta fara. In mai rabo ya kasa tarin gida biyar da ido, gwargwadon kauri, littafi ɗaya ya zama guntaye biyar da ba wanda zai iya karantawa. Haka takardun gona: takardar ciniki, da rasiɗin haraji, da hukuncin alƙali, sai suna tare suke ba da labarin yadda gonar ta shigo gidan.

Shari'ar da Baffa ya kafa hujja da ita ta bar ƙofa a buɗe. Ana iya yi wa kayan ƙima, mutum ɗaya ya ɗauke su a cikin rabonsa ya cika wa saura. Ko kuma magada baligai su yarda su mai da su waƙafi na zuriya, wanda ba a sayarwa, ba a rabawa. Malikiyya ta halatta waƙafin littattafai da makamantansu. Wanda yake raye kuma yana da irin wannan adaka, ya fi masa sauƙi ya yi abin da zai yi tun yanzu, a rubuce, gaban shaidu, domin wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji ita sai sauran sun amince. A ganina, rabo ya dace da kwalla da tasa da munduwa, waɗanda kowace ɗaya ke tsaye da ƙafarta. Bai dace da takarda ba.

Hanyar Gwaggo ita ce wadda yawancinmu ke bi, ba don mun zaɓa ba sai don ba mu yi komai ba. Tana da wani abu da sauran ba su da shi: kaya suna zaune cikin mutanen da suka san ma'anarsu. Alƙur'anin da ake fito da shi ranar saukar jika yana raye. In ya koma bayan gilashi da lamba a jikinsa, wani abu ne daban. Amma gida yana da maƙiya, kuma ya kamata a san su ɗaya bayan ɗaya.

Gara ce ta fari. Adakar da ke zaune a kan daɓe, jingine da bangon ƙasa, tamkar an kira ta ne. Sai laima. Mutane na tsammanin leda kariya ce, alhali a watan Agusta ledar da aka ɗaure tana riƙe danshi a ciki, hotuna su manne fuska da fuska. In ka ɓamɓare, rabin fuskar kaka ta tafi a bayan wani hoton. Takarda kuma ta yi hunhuna. Da hunturu abin ya juya: fatar gafaka ta bushe ta tsattsage. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba sili, zafin bazara kaɗai yana tsofar da takarda. Ruwan da ya shiga Maiduguri a watan Satumba na 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, cikin dare ya zo, kuma duk abin da ke ƙarƙashin gado shi ya fara samu.

Wani abin mamaki da na lura da shi a adakarmu: tsofaffin takardun sun fi sababbin lafiya. Ɗaga warƙa ɗaya ta littafin ƙarni na 19 ka duba ta a hasken taga, sau da yawa za ka ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Takardar Italiya ce, da tsumman ƙyalle aka yi ta, fatake suka ƙetaro da ita Sahara. Irinta tana iya shekara ɗaruruwa. Amma yankin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da niƙaƙƙen itace aka yi takardarsa, yana da tsami a jikinsa da ke cin sa. Ya yi ja, kana taɓa gefensa yana marmashewa kamar busasshen ganye, kuma yana shafa wa duk takardar da ke maƙwabtaka da shi. Haka hotuna: baƙi-da-fari na 1950 yana nan fes, mai kala na 1985 ya koɗe ya koma ruwan goro. Don haka abin da ya fi gaggawa ba lalle ne ya zama abin da ya fi tsufa ba. A kula da tawada ma. Wata ta gawayi ce da ƙaro, 'yar'uwar wadda ake wankewa daga allo a sha, tsumma mai danshi sau ɗaya ya isa ya share layi. Wata kuma ta bagaruwa ce da ƙarfe, ba ta wankuwa amma in ta samu laima tana ƙona takardar har ta huda ta.

Maƙiyin da ya fi ba ni haushi shi ne mai son gyara, domin ni ne shi. Na ɗauki takardar gonar nan na kai wani shagon kwamfuta aka yi mata laminatin, ina ganin na yi abin kirki. Zafin injin ya dusashe hatimin alƙali, ledar ta manne da takardar har abada, ba mai iya raba su ba tare da ya yage rubutun ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Salatif ma haka: shekara kaɗan ya bushe ya faɗi, ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta manne, fil yana tsatsa, biro a bayan hoto yana ɓullowa ta gaba.

Ajiyar gida mai kyau ba ta da tsada. A ɗaga adaka sama da ƙasa, a kan tebur ko kanta, nesa da bangon waje. A fitar da komai daga leda, a naɗe kowane littafi da farin ƙyallen auduga wankakke, a sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, a ware jarida gefe guda. Kafur ko busasshen ganyen darbejiya a ƙulle su daban, kada su taɓa kayan. Sau biyu a shekara a buɗe a sha iska a inuwa, ba a rana ba: gabanin damina da bayanta. Babbar riga kada a rataye ta, nauyin aikinta zai ja zaren. A kwantar da ita da ninki kaɗan, a riƙa sauya wurin ninkin. Takobi da lambar soja kada a dirje su da toka da lemon tsami don su yi ƙyalli, a dai tsare su daga laima. Sannan abin da ya fi duk waɗannan: mutum ɗaya sananne da aka ɗora wa amana, da jerin kayan a rubuce a hannun mutum uku. Aro shi ne ƙofar da kayan gida suka fi fita ta ita. Ɗan'uwa ya karɓi hoto zai wanko, ɗalibi ya karɓi warƙoƙi zai yi bincike, sai labari.

Shawarar malamin jami'armu fa? Wuraren kaiwa akwai su. A Kaduna akwai Arewa House, cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, da kuma reshen ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a 1954. A can fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa suke, tare da rubuce-rubucen Larabci. A Kano akwai Gidan Makama, da Gidan Ɗan Hausa inda hukumar tarihi da al'adu ta jiha take. A Sakkwato akwai hukumar tarihi mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu. A Yamai, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda ya samo tushe daga abin da Boubou Hama ya tattara. A bambance tsakanin iri biyu: ma'ajiyar takardu takarda take so, gidan kayan tarihi kuwa takobi da sirdi da alkyabba. Kuma ba komai za su karɓa ba. Hoton bikin yayarka a wurinku yake da daraja.

Abin da ake samu a nan shi ne abin da gida ba zai bayar ba: lamba a kundin rajista, ma'aikatan da aikinsu ke nan, da masu bincike da za su iya gane cewa waƙar da ke cikin ɗaurinka ba ta da kwafi a ko'ina. Sunan kakanka zai shiga tarihin garinsu maimakon ya tsaya a zaurenku. Abin da ake rasawa kuma ba kaɗan ba ne. Gani sai lokacin aiki, sai da izini. Sirri ya fita daga hannu, kuma tsofaffin takardu ba su da kunya: akwai bashi a ciki, akwai takardar saki, akwai sunayen bayi da na waɗanda aka 'yanta, waɗanda jikokinsu maƙwabtanku ne yau. Kundin malam mai laƙani da asirai, yawancin gidaje ba za su so baƙo ya buɗe ba. Sannan gidajen gwamnati ba duka ɗaya ba ne wajen kuɗin gudanarwa da wutar lantarki. Kada ka tsaya a ofishin shugaba. Ka roƙa a nuna maka ɗakin ajiyar, ka dubi rufin, ka shaƙi iskar. Gani ya kori ji.

In za ka bayar, tambaya ta fari ita ce: kyauta ko ajiya? Kyauta ta tafi ke nan. Ajiya kuwa mallaka tana hannun iyali, ana iya karɓowa bisa sharaɗi. Ko wacce ce, a rubuta: jerin kaya ɗaya-ɗaya, wa zai iya gani, wa zai iya ɗaukar hoto ko bugawa, wane ɓangare za a rufe zuwa wani lokaci, da haƙƙin iyali na samun kwafi.

Abin da ya faru a Timbuktu ya isa a yi tunani a kansa. A watan Janairun 2013, da 'yan bindigar da suka mamaye garin za su fice, an ƙone ko an kwashe rubuce-rubuce sama da 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, ginin zamani da aka yi musamman don adana su. Dubban ɗaruruwan da suka tsira, mafi yawansu na gidaje ne, Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa suka fitar da su a ɓoye zuwa Bamako, a mota da kwalekwale, cikin adakokin ƙarfe irin tamu. Da suka isa Bamako kuma sai laimar garin ta zama sabuwar barazana, abin da busasshiyar iskar Timbuktu ta tsare su daga gare shi shekaru aru-aru. Babban gini bai ba da tabbas ba, adaka ma haka.

Sayarwa ban sa ta cikin lissafi ba, amma dillalai na zuwa, don haka a sani: dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun hukumar ko wakilinta, ta hana fitar da su waje ba izini, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta ambata.

Saura hanyar ƙanena. Ita kaɗai ce ba ta faɗa da sauran ukun: ko za a raba, ko za a bari, ko za a kai Kaduna, ana iya yin kwafi tukuna. Shi ya sa nake ganin ba zaɓi ba ce, matakin farko ne. Sai dai ba yadda ya so yi ba. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci in ba a tura shi a matsayin fayil ba. Ranar da ka so ka faɗaɗa don karanta hatimi, sai ka ga hazo. Waya ana sace ta, memori yana lalacewa, wanda ya san kalmar sirri yana mutuwa. Google yana ba da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, amma tun Disambar 2023 yana iya share asusun da aka shekara biyu ba a buɗe ba.

Hotuna a ɗora su kan sikana mai shimfiɗa, a saita ƙarfinta a 600 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, a ɗauki gaba da baya, domin bayan hoto kan ɗauki tambarin mai hoto ko kwanan wata. Warƙoƙi kuwa kada a danne su a inji, balle a tura su ta mai jan takarda. A shimfiɗa su kan baƙin ƙyalle a inuwa mai haske, a kafa waya daga sama, a kashe filasha, a bi su ɗaya bayan ɗaya yadda aka same su, ba tare da an sauya jerin ba. A sa wa kowane fayil suna mai ma'ana. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje a hannun ɗan'uwa a wani gari, ɗaya a intanet. Duk bayan 'yan shekaru a juye zuwa sabon abu. Duk wanda ke da kaset ɗin bikinsa yau, ba rediyon da zai sa shi, ya san dalili. In tarin babba ne, na gidan malamai ko na sarauta, akwai shirin Ɗakin Karatu na Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004: ana ɗaukar hoton ne, asalin ya zauna a ƙasarsa. Jami'ar Boston a Amurka ma tana da ma'ajiyar ajamin Afirka a intanet, har da na Hausa. A tuna dai, abin da ya shiga irin waɗannan, duniya ce za ta gani.

Kwafi ba ya maye gurbin asali. Ba ya nuna jinjirin watan nan sai an ɗauke shi da haske ta baya, ba ya ɗauke da nauyin riga, kuma ranar rikicin gona asalin takarda za a fara nema. Amma ya kashe mana rigima ɗaya: mun wanko hotunan da kyau, kowane ɗaki ya samu nasa, ba wanda ya sake cewa a raba.

Duk wannan lissafi na yi shi ne a kan takarda da fata da ƙarfe, na manta da abin da ya fi su saurin tafiya. Cikin hotuna sittin, mu jikoki mun gane mutane a goma sha ɗaya. Sauran suna kan Gwaggo, mai shekara tamanin da wani abu. Na zauna da ita yamma huɗu, waya tana naɗar murya, ina miƙa mata hoto ɗaya-ɗaya.

"Gwaggo, wane ne wannan mai rawanin?"

"Kai dai ka cika tambaya. Ai mai gidan nan ne."

"Wane gidan, Gwaggo?"

Ta yi shiru ta kau da kai. Mijinta ne, ba za ta faɗi sunansa ba, haka ɗanta na fari, haka duk wanda ya ci sunan surukinta. Sai da na kira Inna ta zauna gefe tana fassara alkunya. Shekara kuwa ba ta ba ni lamba ko sau ɗaya ba. Wannan an ɗauka "bayan zuwan Sarauniya", wato 1956. Wancan "shekarar da aka kashe Sardauna", 1966. Na ɗaurin auren Baffa "ana canjin hannu", 1972, na sunan yayata "da aka daina fam da sule", 1973. Da fensir mai taushi na rubuta a bayan kowanne, a gefe, ban danna ba.

A ƙarshe ga yadda muka yi. Komai an ɗauki hotonsa. Kwalla da tasoshi an raba wa mata. Alƙur'ani, riga, fasfo, lambar Bama da takardun gona an rubuta su waƙafin zuriya a hannun Yaya babba, a kan kanta, cikin farin ƙyalle. Kundin Malam kuwa, Gwaggo ce ta ɗauke, ba wanda ya yi mata musu. Ɗaurin waƙoƙin ajami ne kaɗai muke maganar kaiwa ajiya, domin ba mai iya karanta hannun a cikinmu, kuma har yanzu Baffa bai sa hannu ba.

Hoto ɗaya ya rage ba suna. Kaka ne yana saurayi, tsaye gaban labulen mai hoto, kusa da wani dogon mutum mai jar dara da agogon sarƙa, ya dafa kafaɗarsa. Gwaggo ta daɗe tana kallonsa, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta ce da yayarta na raye da ta sani. Yayar ta rasu da azumin bara.